Takardar Yaya da "Ku Tashi Mu Je" ɗin Kawu

 Wannan makon wata gardama muka kwaso daga tsakar gidanmu, wadda ta ƙi ci ta ƙi cinyewa yau shekara biyu ke nan, kuma da wuya a sami gidan da babu irinta. Idan za a kai yara wurin wasa, irin wuraren nan masu lilo da jirgin ƙasa na yara da motocin karo, zama ake yi a tsara komai tun da sauran kwanaki, ko kuwa tashi kawai ake yi a kama hanya, abin da aka tarar shi ne rabo?

A gidanmu kowane ɓangare da jagoransa. Kawu, ƙanin Umma, ɗan kasuwa ne a Kwari, shi a wurinsa duk yawon da aka zauna aka tsara ya zama aiki. Yayanmu babba kuwa akawu ne, mutumin da ko cefanen miya zai yi sai ya rubuta. Mun bi kowannensu sau ɗaya, mun ga abin da ya biyo baya.

Bara waccan, washegarin ƙaramar Sallah, muna zaune bayan Azahar ana taunar cincin, sai ga Kawu da makullin mota a hannu. "Ku tashi mu je mu kai yaran nan su sha iska." Kafin ya rufe baki gida ya kaure da ihu. Yara tara, manya huɗu, motar Kawu da adaidaita sahu guda. Babu wanda ya tuna ranar Hawan Daushe ce, hanyoyin cikin gari a cushe suke da dawakai da 'yan kallo. Tafiyar minti ashirin ta ci mana awa ɗaya da rabi. Da muka isa layi biyu muka tarar, na shiga daban, na tikitin lilo daban. Kawu ya dogara da taransifa, sabis ya ce bai san zancen ba. Mai POS na bakin titi ya ce tsabar kuɗinsa ta ƙare tun rana. Ƙarshenta kuɗin barka da Sallar yaran aka bi aljihu-aljihu aka karɓa da sunan aro, kuma har yau akwai masu bin Kawu bashi. Kowane yaro lilo ɗaya ya samu.

Duk wannan mai sauƙi ne. Gab da Magariba aka ƙirga yara, aka ga takwas. Ɗan Yaya mai shekara huɗu ba ya nan. Duk wanda ya taɓa neman yaro a taron Sallah ya san abin da muke nufi: rabin yaran wurin shadda iri ɗaya suka sa, hula iri ɗaya, tsawo ɗaya, ga kiɗan lasifika ya cika kunne, ko ka ƙwala kiran sunansa kai kanka ba ka jin muryarka. Kusan minti ashirin muka yi muna zagaye. A wurin mai gugguru aka same shi, bawan Allah ya ɗora shi a kan benci ya ba shi ƙulli ɗaya yana ci, yana jiran masu shi. Kawu har gobe abin dariya yake mayar da labarin: "Ai ga shi an gan shi, har ya ci gugguru kyauta." Uwar yaron ba ta taɓa taya shi dariyar ba. Tun daga wurin har gida ba ta ce uffan ba, ta damƙe hannun yaron kamar za ta ɓalla shi.

A nan muka fara raba gari da masu cewa daɗin yawo yana cikin bazata. "Ku tashi mu je" magana ce mai daɗi a bakin wanda ba shi zai yi goyo ba. A cikin minti goman da Kawu ya yi yana danna hon a ƙofar gida, Anti, matar Yaya, ita ce ta cika gorunan ruwa, ta ɗauko kayan canjin ƙananan, ta nemo takalmin wannan a ƙarƙashin gado, ta sa wancan ya shiga bayi, sannan ta ɗaura jaririya a baya. Ita ko hoda ba ta shafa ba. Wato tafiyar da ake yi wa kirari da "ba shiri" an shirya ta, sai dai mutum ɗaya aka bar wa shirin, a guje, ba ko sannu. Ku duba gidajenku da kyau. Duk inda kuka ga namiji yana alfaharin shi ba ya tsara komai amma komai yana tafiya daidai, ku leƙa bayansa, za ku ga matarsa ko babbar 'yarsa da jaka a kafaɗa.

To, abin ya yi wa Yaya ciwo, ya ce Sallah mai zuwa shi zai riƙe ragama, kuma ya riƙe. Tun watanni kafin azumi yake cire wani abu daga albashi. Ya ce Abuja za a je, tafiyar sama da kilomita 400, a kwana biyu a gidan wani abokinsa. Ya buga waya ya tambayi kuɗin shiga da lokacin buɗewa. Ya ciro tsabar kuɗi tun kafin bankuna su tafi hutu. Ya sayo wa yara jajayen huluna iri ɗaya, maza da mata, ya rubuta lambar wayarsa a 'yan takardu ya soka a aljihun kowa. Da muka shiga, kafin kowa ya taɓa lilo, ya tsayar da mu a gindin wata bishiya kusa da ƙofa ya ce duk wanda ya ɓace nan zai dawo ya tsaya. Wallahi a nan ba mu da ta cewa. Ba a fafe gora ranar tafiya, Yaya kuwa ya fafe nasa tun da wuri.

Matsalar ita ce takarda ta biyu. Ashe ya raba yinin gida-gida kamar jadawalin jarrabawa: 10:00 shiga, 10:15 jirgin ƙasa, 10:35 motocin karo, 11:00 babban lilo mai juyawa sama, haka har yamma. Tikitin da ya saya irin wanda ake biya gaba ɗaya ne, a ɗaura wa yaro wani abu a hannu ya hau duk abin da yake so. Shi kuma ya buga lissafi, ya gano sai kowane yaro ya hau abu goma sha biyu kafin kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Daga nan uba ya koma sajan soja. 'Yarsa mai shekara biyar ta ga wani famfo da ke fesa ruwa sama daga ƙasa, ya yi tsiri ya faɗo, ya ɗauke, ya sake tashi. Ta tsaya cak. Ita fa ta gama zuwa Abuja. Duk lokacin da ruwan ya taso sai ta yi tsalle ta tafa. Yaya ya dubi agogo ya ce, "Mamana, taho, ba kuɗin kallon famfo na biya ba." Ya ja hannunta tana tirjewa. A layin motocin karo ta yi kuka, a cikin motar ma kukan ta yi. Ɗan yayarmu mai shekara tara, yaro mai tsoron bisa, ya ce shi ba zai hau babban lilo ba, aka ce an riga an biya. Ya hau, ya runtse ido tun daga farko har ƙarshe, ya sauko ya amayar da karin kumallonsa a kan sabon takalmi.

Abin da ya ceci yinin nan ba ya cikin takarda. Wajen ƙarfe ɗaya aka ɗauke wuta, janareton wurin ya yi gardama, komai ya tsaya cik na kusan minti arba'in. An yi sa'a babu namu a sama. Anti ta shimfiɗa zani a inuwa, ta buɗe kula, ga dambun nama ga zoɓo mai sanyi. Yaranmu suka haɗu da na wasu mutanen Zariya da ke gefenmu, nan da nan matan suka ja layi a ƙasa suka fara 'yar gala-gala, mazan suka kama langa. Yaya da kansa, da ya ga babu yadda zai yi da agogo, ya cire hula ya miƙe ƙafa, har da shi a alƙalancin langa. Ita kuwa Mamana ta koma gindin famfonta, duk da shi ma ya mutu, ta zauna tana jiransa. Da muka dawo Kano Umma ta tambayi jikokinta me suka gani a Abuja. Babu wanda ya fara da lilo. Langa, yaran Zariya, famfo.

Magoya bayan Kawu za su ce, "Kun gani ko? Bazata ce ta yi rana." A'a, ku dakata. Minti arba'in ɗin nan sun yi daɗi ne saboda akwai abinci a kula, akwai ruwa, akwai zanin shimfiɗa, kowane yaro da jar hula ana hango shi daga nesa, babu wanda gabansa ke faɗuwa. Da a tafiyar Kawu aka ɗauke wutar, da yunwa da ƙishirwa da kuka za a sha. Sakewar da muka samu, shirin Yaya da na Anti ne suka saya mana ita. Laifin Yaya ɗaya ne: ya tsara abin da yake nasa, sannan ya zarce ya tsara abin da yake na yara.

Kada ku ɗauka ciwon namu ne mu kaɗai. Can Amurka, inda sana'ar wuraren wasa ta fi ƙasaita, an daɗe ana wannan ja-in-ja. Walt Disney da bakinsa ya ba da labarin cewa tunanin gina Disneyland ya zo masa ne yana zaune a kan benci a wani lambun shaƙatawa a birnin Los Angeles, yana cin gyaɗa, 'ya'yansa mata biyu suna kan lilo mai dawakai. Ya ga yara suna wasa, uba yana zaman jira, ya ce ya kamata a ce akwai wurin da iyaye da yara za su yi nishaɗi tare. Ranar da aka buɗe wurin a Kalifoniya, 17 ga Yuli, 1955, ta zo musu kamar tafiyar Kawu. Taron na masu katin gayyata ne, amma aka buga na jabu, mutum sama da 28,000 suka cika wurin. Abinci ya ƙare, famfunan shan ruwa ba a haɗa su ba saboda yajin aikin masu gyaran famfo, sabuwar kwalta kuma ta yi laushi a rana har takalman mata masu tsini suna nutsewa.

Daga baya kamfanin ya zama gwanin tsari, har tsarin ya yi yawa. A 1999 suka fito da FastPass: ka je gaban lilo, inji ya ba ka 'yar takarda mai ɗauke da lokacin da za ka dawo ka shiga ba tare da dogon layi ba, kuma kyauta. Dabara ce mai kyau, domin tana sakin iyali su je su yi yawonsu maimakon tsayuwa. Amma wajen 2014, a babban wurinsu na Fulorida, abin ya koma intanet. A wancan lokacin, wanda ya kama ɗaki a otal ɗinsu yana iya zaɓar lilo uku na kowace rana tun saura kwana 60, wanda ba a nan zai sauka ba tun saura kwana 30. Teburin cin abinci kuwa, a lokacin, tun saura kwana 180 ake fara kamawa. Ku tsaya ku auna wannan. Wata shida kafin tafiya uwa za ta yanke hukuncin inda ɗanta zai yi sha'awar cin abinci ranar wata Laraba da ƙarfe ɗaya. Wanda ya ce shi ba ruwansa, zuwa kawai zai yi, sai ya tarar an kwashe guraben manyan lilo, shi da yaransa sai dogon layi. A 2021 aka binne na kyautar, aka kawo na kuɗi mai suna Genie+, wanda ya fara a kan dala 15 kowane mutum kowace rana, kuma tun ƙarfe bakwai na safe ake hawa waya ana rububin gurbi. A 2024 suka sake sauya shi. Abin da ya fi ba mu tsoro a labarin shi ne yadda tsari ya zama haja: a sayar maka da tikitin shiga, sannan a sayar maka da hanyar tsira daga layin da yawan tikitin ya haifar. Wurin da aka gina don uba ya tashi daga benci ya yi wasa da 'ya'yansa, ga uban can kai a sunkuye a kan waya, 'yarsa tana jan rigarsa tana nuna masa agwagwa.

Mu nan ba mu kai can ba. Ko a Gidan Zoo na Kano, mai ɗauke da sunan Audu Bako, gwamnan da ya mulki jihar daga 1967 zuwa 1975, inda da yawanmu muka fara sanin yawon Sallah, babu wanda zai ce ka kama gurbi tun saura wata biyu. Shirinmu bai wuce 'yan tambayoyi ba: wace rana, nawa ne a aljihu, wa zai riƙe wa, ina za a haɗu, yaushe za a juyo. Masu cewa tsari ɗabi'ar Turawa ce mu ba mu gada ba, su tuna wace ce take kai wa tela ɗinki tun kafin azumi, wace ce take zubin adashe wata da watanni saboda kayan Sallah, wace ce take kama layin mai lalle da mai kitso tun saura kwana uku. Gidan da ya iya tsara ɗinkin mutum goma sha uku bai kamata a ce ruwan sha ya gagare shi ba.

Sai dai akwai inda lissafin masu tsari yake kuskurewa, kuma mu ma mun taɓa faɗawa. Mai tsari zai ce tunda cunkoso ne matsalar, a bari sai Sallah ta wuce da mako guda, a je ranar Talata da hantsi, babu layi, kowane lilo naka ne. A takarda babu abin da ya fi wannan. Amma ku tambayi yarinya 'yar shekara goma. Ita ba lilo kaɗai ya kai ta ba. Ta je ne a ga lallenta, a ga sabon leshinta, ta ga na wasu, ta haɗu da 'yar ajinsu a layi su yi ta ƙus-ƙus. Cunkoson da uba yake gudu shi ne rabin abin da ta je nema. Wurin wasa fayau ranar Talata kamar gidan biki ne bayan an kai amarya. Mu dai namu ra'ayin a je cikin taron, amma a yi sammako. Kafin wuri ya cika da yamma an riga an hau abin da za a hau, sai a zauna a sha kallo, a kuma fita kafin duhu, lokacin da kowa zai fito neman abin hawa a tare.

Ba kuma za mu yi wa Yaya rashin adalci ba. Mutumin da ya yi wata biyar yana matse albashi a wannan tsadar, ba za ka ce masa ya bar yarinya ta yini a gaban famfo ya ji daɗin maganar ba. Lissafin goma sha biyun nan ba rowa ba ce, tsoro ne, tsoron kada ya koma gida ya ji ya yi asara. Inda ya karkace shi ne abin da yake ƙirgawa. Kuɗin sun riga sun fita tun a ƙofa, ko an hau goma sha biyu ko an hau uku ba a dawo maka da ko sisi. Abin da ya rage a hannunka bayan nan yinin yaran ne kawai, kuma shi ne kake iya ɓatawa. Yaron da aka tilasta wa hawa abin da yake tsoro bai mayar wa kowa da kuɗinsa ba, takalmi ma aka ƙara asara.

Af, kafin mu manta, mu 'yan ashirin da wani abu ba mu da bakin yi wa Yaya dariya. "Tsaya, koma, ba ka yi murmushi ba, sake saukowa." Mun ga yaron da aka sauke daga kan dokin lilo aka sake ɗora shi saboda hoton farko ya yi duhu. Mu ma sajoji ne, sai dai Yaya agogo yake yi wa aiki, mu kuwa masu kallon sitatus.

Bana an yi zaman sulhu a ɗakin Umma. Kawu ya yarda a sa rana tun da wuri, da sharaɗin kada a nuna masa takarda. Yaya ya yarda ya yaga ta biyun, amma ta farkon tana nan: tsabar kuɗi, jajayen huluna, lambar waya a aljihu, bishiyar haɗuwa, ƙarfe biyar a juyo. Anti ta ce ita sharaɗinta ɗaya ne, jakar nan a kafaɗar namiji za ta yini, ta faɗa tana kallon Kawu. Aka kuma ce kowane yaro ya faɗi abu ɗaya wanda in bai yi shi ba bai je ba, a tabbatar ya samu, sauran yinin duk inda ƙafa ta kai. Manyan suka ce motocin karo. Mai tsoron bisa ya ce shi a bar shi a ƙasa ya riƙe wa masu hawa hulunansu. Yaya ya juya wurin 'yarsa da biro a hannu, "Mamana, ke fa?" Ta ce a rubuta mata famfo, kuma Abba ya buga waya ya tambayo mata ko yana nan.